Akwati Na Goma Sha Bakwai

A saman wani shagon aski, a New Orleans,
ƙungiyar makaɗan unguwa ta ba ni ɗaki da fanka ɗaya,
da kwalaye arba'in da ambaliya ta tauna ta tofar.
Suka ce, "Odile, raba mana tsaba da tsakuwa."

Aikin nan ba shi da kiɗa.
Ki buɗe, ki shinshina, ko funfuna ta riga ki.
Ki zare ƙarfen da ya yi tsatsa a wuyan takarda.
Kowane fayil da sunansa, da lambarsa, da shekararsa,
kuma da fensir, don tawada tana gudu in ta ga ruwa.
Abin da ya zo tare a bar shi tare,
ba a raba takarda da danginta.
Kwafi ɗaya a nan, ɗaya can kan tudu,
domin garin nan a ƙarƙashin kogi yake kwana.

Jadawali na manne a bango, ni na buga shi:
bayanan taro, har abada;
rajistar mambobi, har abada;
rasidi, shekara bakwai, sannan injin yanka ya ci.

Ran Asabar gawa ta wuce ta ƙasan tagata.
'Yan badujala na jan ƙafa kamar masu ɗauke da tulu cike,
ganga na ƙirga taku, ƙaho na kuka ciki-ciki.
Da suka juyo daga maƙabarta
sai lema ta tashi sama, hankici ya yi fiffike,
titi ya manta wanda ya binne.
Na riƙe fensir ina kallo.
Wace lamba zan ba wannan?
Jaz ba ya maimaita kansa ko don uwarsa;
abin da aka busa yau, iska ce magajiyarsa.

Sai ga Octave Dugas, shekara tamanin da ɗaya,
ya hau matakala sha tara, yana hutawa a kowace biyar.
Ya ce, "Mahaifina ya busa ƙaho a ƙungiyar nan.
Jikokina sun ce tatsuniya ce.
Babu faifai, babu hoto, ƙahon ma jingina ta ci shi."

Na duba rajista: ruwa ya lashe shafin D.
Na duba bayanan taro: an yi gardama kan kuɗin huluna,
shafi shida, ba a ambaci Dugas ba.
Masu har abada sun yi shiru.

Akwati na goma sha bakwai yana bakin ƙofa,
na riga na ja masa jan layi, Litinin za a yanka.
Don kada tsoho ya sauka hannu rabbana
na durƙusa na buɗe.
Kuɗin gawayi. Kuɗin gyaran fatar ganga. Kuɗin ƙanƙara.
Sai wata 'yar takarda, ba ta kai tafin hannu ba:
"An biya T. Dugas dala uku, ƙaho na biyu,
jana'izar Madam Eulalie. An yi ruwa."

Octave bai taɓa ta ba.
Ya goge hannu a wando, ya sake gogewa,
ya ce, "Na biyu? Mu ce mana ya yi na farko."
Ya yi dariya har tari ya kama shi,
sannan ya ɗan busa wani abu ta haƙoransa,
gajere, mai gurgunta a tsakiya,
ya ce haka tsohon yake shigowa, kullum a makare.

Na ba shi kwafi. Asalin na sa a riga marar asid.
Da ya sauka na je bango da fensir,
ƙarƙashin shekara bakwai na ƙara layi:
kafin a yanka, a karanta.

Saura kwalaye ashirin da uku.
Fanka tana juyi. A ƙasa wani yaro
yana koyon ƙaho, yana kuskure wuri guda tun azahar.