Ƙidayar Mai Gadi

Ni ne Nomau. Shekara goma sha ɗaya ina jan ƙofar ƙarfen nan
ta kamfanin inshora, a tsakiyar Yamai.
Lambar mota aka ce in rubuta, ba a ce in ƙirga kawuna ba,
amma ido ba mudu ba ne, ya san kima.

Mota talatin da bakwai kafin ƙarfe takwas,
kai talatin da bakwai.
Sauran kujerun hamma suke yi,
sun sha sanyi tun daga Harobanda
ba su ɗauko ko jakar wani ba.

Mushe Sidiku da Madam Rakiya,
katanga ɗaya ta raba gidajensu a Talaje.
Tare suke maƙalewa a shatale-tale,
shi gaba, ita baya, kowa na danna oda,
kowa na tsine wa cunkoso
kamar ba su ne cunkoson ba.
Sai a ƙofata za su gaisa:
Yaya hanya?
Hanya sai haƙuri.

Ni faba-faba ke kawo ni,
mu goma sha tara, gwiwata a haƙarƙarin wani,
hayaƙinsu a ƙirjinmu.

Wata Litinin darakta ya manna takarda a bango:
a daina zuwa ɗai-ɗai, a riƙa ɗaukar juna.
Rana ta ci tawadar, ruwan Agusta ya cinye saura.
Da ya tsaya yana duban gurbinta na ce,
Ranka ya daɗe, takarda ba ta da taya.
Wanda ya yanka wa mutum lokacin isowa,
rabin hanyar na wuyansa.
Kai ke raba kuɗin esansi kowane wata,
wanda ya zo shi kaɗai da wanda ya ɗauko uku duk ɗaya.
Mai kai yara lakwal da safe, wa zai jira ta?
Shaibu ya zo da keke sau biyu,
ya rasa inuwa, ya rasa famfon wanke zufa,
ya koma wa makullinsa.

Bai ce mini komai ba.
Na kwana ina lissafin inda zan nemi wani gadin.

Bayan sallar layya farar bas ta iso,
kujera talatin, Alzuma a sitiyari,
daga Lazare ta biyo Bukoki, ta tsaya Wadata.
Makon farko mutum shida, ni na bakwai.
Wanda ya ci bashin banki ya sayi mota
ba ya son maƙwabta su gan shi tsaye a bakin titi.
Amma ƙarshen wata malami ne,
kuma aljihu ba ya jin kunya.

Yanzu Sidiku ke tuƙi Litinin da Laraba, Rakiya sauran kwanaki.
A hanya suka gano kakanninsu 'yan Madawa ne,
har suna faɗa a kan wa ya fi iya zaɓen albasa.

Yau mota goma sha shida na rubuta.
Inda sauran ke tsayawa, an kafa rumfar kekuna.
Barmu mai wankin mota na zaune a kan bokitinsa,
dala ɗari-ɗari ashirin da ɗaya sun bi iska.
Ya ce, Nomau, bakinka ya cinye mini tuwon dare.
Ban sami amsa ba.
Bas ɗaya ba ta ƙoshar da soso.
Wannan ma a wuyan wani yake,
kuma zan faɗa, in na sake samun fuska.

Baƙar motar darakta ita ce ta ƙarshe, kullum.
Na rubuta lambarta, na ja ɗan layi a gefe: ɗaya.
Jiya ya sauke gilashi,
ya dubi kujerar da ke kusa da shi, ya dube ni,
ya ce, Nomau, wai wace unguwa kake?