Kunnuwa Arba'in a Tudun Manizales

Kunnuwa arba'in zan binne a tudun nan,
kowanne bai fi kwalin ashana ba,
su saurari ƙasa in ta sha ruwa ta ƙoshi,
wannan ya faɗa wa wancan, wancan ya miƙa gaba,
har magana ta isa gidajen gindin gangare
kafin tudun ya sauko da kansa.

Mutumin kamfani ya zo daga Bogota, takalmi na ƙyalli.
Ya buɗe jaka, komai a jere:
manhaja, wayoyi, lambar kira in abu ya cije.
Minti goma, na'urar farko ta fara magana.
Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.
Na ce bari in leƙa cikinta.
Ya murmusa: ciki namu ne, Injiniya Nohemi,
ke dai sabunta lasisi duk Janairu.

Ɗaya hanyar ba jaka, ba mai murmushi.
Waɗanda ban taɓa gani ba suka rubuta ta,
suka bar ƙofa buɗe, suka tafi barci.
Kyauta ce, amma banza ba ta kai zomo kasuwa.
Dare goma sha ɗaya na biya
ina farautar abin da ke shanye batir kafin asuba.
Ashe layi guda ne ya hana rediyon runtsawa.
Na gyara da hannuna,
na yi ihu har karen maƙwabta ya amsa.

Na kai wa Don Efrain lissafin biyun
yana shanyar kofi a tsakar gida.
Bai dubi takardar ba.
Ya ce, kuɗin aikinku na shekara nawa ne?
Na ce biyu.
Ya ce, tudun fa?

Jikarsa Yuliana, mai gyaran waya a kasuwa,
ta ɗauki kunne ɗaya tana jujjuyawa:
in kin tafi, wa zai buɗe wannan?

Kayan aro ba ya rufe katara.
Ma'aunin wuta kaɗai na saya wurin kamfanin,
nasu ya fi, gaskiya ɗaya ce.
Sauran na bar su a buɗe,
da bayani cikin littafi mai bangon roba.

Jiya an kwana ana ruwa.
Kunne na sha bakwai ya yi tsit.
Ina ɗaura takalmi na hango fitila a tudu:
Yuliana ta riga ni hawa.