Layin Da Ya Ratsa Ɗakina

Ƙarfe huɗu nake tashi.
Ni ke gangaro da bas ɗin farko daga kan tudu
zuwa tashar jiragen ruwa ta Valparaíso,
da 'yan dako, da matan kasuwar kifi,
rai arba'in a bayana, birki ɗaya a ƙafata.

Ƙarfe uku Baltasar ke kashe kiɗansa.
Ku yi lissafin da kanku.

Da can, ƙasan benen nan shagon Don Nibaldo ne,
mai gyaran takalma.
Gudumarsa ta san faɗuwar rana.
Da ya rasu magada suka sayar,
aka zo da jan fenti, da kujeru masu dogayen ƙafafu,
da akwatunan sauti biyu, kowanne tsayin yaro ɗan shekara goma.
Yanzu cokulan Fresia rawa suke a aljihun tebur.
Hoton aurenmu ya karkace,
na gaji da miƙe shi.

Sau bakwai ina zuwa ofishin hukumar gari.
A na bakwai, wata mai tabarau ta shimfiɗa taswira,
ta ɗora farce kan wani layi siriri kamar silin gashi:
nan shiyyar kasuwanci, nan shiyyar zama.
Na duba, na goge ido, na sake dubawa.
Layin ta tsakiyar gidanmu ya bi.
Ashe shekara ashirin da shida
kaina a unguwa yake kwana,
ƙafafuna a kasuwa.

Suka turo mai awo ranar Talata da hantsi,
riƙe da na'ura kamar zai gwada zazzaɓi.
Minti goma ya yi a bakin taga.
Abin da ya kama:
kukan tsuntsayen teku,
da albasar da Fresia ke soyawa.
Ya rubuta babu laifi, ya shanye shayinmu, ya tafi.
Mai neman kura da tsakar rana
ai ko sawunta sai ya yi sa'a.

Wani dare na sauka da kaina,
da silifas, da maganar da na kwana uku ina wasawa.
Ya fito yana goge hannu,
yaron da na sha kai wa makaranta kyauta
lokacin da uwarsa ba ta da na mota.
Ya nuna mini takardar izini a bango, hatimi uku.
Ya nuna mini kicin: mutum biyar cikin tururi,
ɗaya da tsohon ciki, tana wanke kofuna.
Ya ce, Don Eleodoro, in na rage sauti
titin gaba za su koma.
Banki ma ba ya barci.
Ya damƙa mini toshen kunne biyu a 'yar kwalba.
Na karɓa. Har godiya na yi, don wauta.

In na sa su, ba na jin agogo.
In na cire, ƙirjina ne gangar.

Alhamis ɗin da ta wuce, a kwanar da ke saman maƙabarta,
idona ya rufe, tsawon numfashi ɗaya.
Madubi ya goge bango.
Ba wanda ya lura sai wata tsohuwa
da ta ƙanƙame kwandonta ta kau da kai.

A kujerar ƙarshe na hango ta,
mai wanke kofunan nan,
ta jingina kai da gilashi, baki a buɗe,
hannu ɗaya tallafe da cikinta.
Barcin da aka hana ni
shi take yi a motata.

Ban danna ham ba har ƙasan tudu.
Na kauce wa ramukan da na sani.
Takardar koke ta takwas tana aljihun rigata,
gumi ya fara cin tawadar.