Mako Goma Sha Biyu

Asuba ce ke tona mini asiri.
Ladan ya kira, kunne ya ji, ƙafa ta amsa,
baya ya ce sai ya yi shawara.
Sai na dafa danga na zaga garka sau uku
kafin ƙugu ya yarda ni ne mai shi.
Ruku'una ya koma rabi.
Liman ya gani, bai tanka ba.

Ni Ilu, da ke hawa dabinon Alhaji Barau ba tsani,
in kai wa mace garin namiji ƙulle a tsumma,
yau yara na cewa na haɗiyi taɓarya.

A Dutse likita Saratu ta ɗaga hoton bayana saitin taga.
Gaɓoɓin ƙasa sun soma haɗa kai,
sun ɗauki hanyar zama gora.
Ta ce akwai allura, mai tsada, mai son sanyi,
kuma ba kowane jiki take ji da shi ba.
Sai ta hau tambaya kamar mai sayen gona.

Shekara nawa? Talatin da ɗaya.
Ciwon fa? Damina huɗu.
In ka motsa yana sauƙi? Yana yi, zama ne maƙiyina.
Taba? Na ce na bari.
Ban ce shekaranjiya ba.

Ta duba takardar jini, ta ce kumburi ya yi sama,
ta faɗa da fara'a har na tsargu.
Ta ce, inda wuta ke ci nan ruwa ke da aiki,
amma ƙashin da ya riga ya haɗe
babu allurar da za ta raba shi.
Cikin goma irinka, masu samun sauƙi sun fi yawa.
Na ce, to ni na nawa ne a cikinsu?
Ta rufe biro.
Ta ce, nan takarda ta tsaya.

Ban ji haushi ba, na san wannan magana.
Kakana ya binne ƙwallon dabino tara a bayan rijiya,
ya yi ta ban ruwa shekara da shekaru
bai san mace ba, bai san namiji ba.
Masana sun duba kauri, sun duba ƙaya,
wani ya ci, wani ya faɗi,
sai da huda ta fito gardama ta mutu.
Duk da haka wa ya taɓa shuka da ido a rufe?

Mun sayar da riɗi buhu biyar da ɗan maraƙi.
Kande ba ta ce komai ba, ta dai kwance igiyar da kanta.
Allurar na kwana a firjin mai kemis a Kiyawa,
tsakanin lemo da ƙanƙara, da sunana a jikin leda.
Likita ta ce mako goma sha biyu, sannan mu zauna mu yi hisabi.
Ina ja da gawayi a bayan ƙofa.

Yau zane na biyar.
Da asuba buta ta faɗi,
na sunkuya na ɗauka
kafin in tuna ba na iyawa.

Wataƙila allura ce, wataƙila daren ne ya yi ɗumi.
Ban gaya wa Kande ba.
Na dai fita, na tsaya gindin dabino,
na ɗaga kai iya inda wuya ya yarda.