Katangar Rijiyar Ɗorawa

Ni na rubuta sunayen.
Goma sha tara, da baƙin fenti, jikin katangar firamare,
kwana bakwai bayan gwamnati ta kife,
hayaƙin taya bai gama fita daga rigunanmu ba.
Ba wanda ya biya ni. Burushin ma na aro ne.

Na fara da Modi, ƙanena, don hannuna ya ƙi fara wani.
Sai Ladan mai faci.
Sai Hajo, da ta kawo mana ruwa a jarka,
ta koma ɗauko ta biyu.
Sai Bitrus mai gyaran rediyo, mutumin Zuru,
wanda ya tsaya mana gadi muna la'asar kan kwalta,
harsashin bai tambaye shi alwala ba.

Damina biyu ke nan.
Jam'iyyu sun tsiro kamar ciyawar ruwan fari,
tamu ita ce Mizani.
Na ce tamu, don katin yana aljihuna,
lamba ɗari biyu da shida, da hotona ina hararar mai ɗauka.

Sahabi ne sakatare.
Ɗaki ɗaya munka kwana a kurkuku, wata huɗu,
shi ya biya mini Tabaraka cikin duhu, aya bayan aya,
ya raba ƙosansa biyu, ya miƙo mini babban.
Ba zan ce ya sake ba.
Babur ɗin nan ne dai, mai tari kafin ya tashi.
Sun gyara famfon unguwa.
A Tsohuwar Kasuwa tiya ta koma tiya, ba a ƙwanƙwasa mata gindi.
Tsohuwata, in ta ɗaga hannu, da su take farawa.

Jiya bayan isha'i ya yi sallama,
galan biyu na kore, ɗaya na fari.
Zaɓe saura wata guda,
katangar kuwa tana kallon titi, kowace mota sai ta gan ta.
"Sikeli za ka zana, babba, da aya a bisansa.
Sunayen, in Allah ya ba mu,
za a sassaƙa su a dutse, a kafa a ofis."
Na ce, "Duka?"
Ya dubi galan.
Ya ce, "Kwamiti zai zauna."

Na san kwamitin. Mutanen kirki ne, masu farin tufa.
Ranar kwalta, uku daga cikinsu suna Umara,
ɗaya yana jinyar ƙafa.

Ban yi barci ba.
Na ji kwaɗin fadama har sunka gaji,
na ji ladanin farko, na ji na biyu.
Na ɗauki tsani.

Aiki na karɓa, aiki na yi.
Na shafe katangar da kore, sama da ƙasa,
na bar wurin sunayen yadda ruwan sama ya bar shi.
Na ja sanda, na sauko da sarƙa,
na zana faranti a ƙarƙashinsu, mai faɗi,
har ya ɗauki Modi da Bitrus ba wanda ƙafarsa ta leƙo.
Ɗaya farantin na rataye shi can sama, wayam.
Ayar na rubuta ta da hannun da na fi so:
ku tsai da awo da adalci.

Da hantsi babur ya yi tari a bayana.
Sahabi ya daɗe tsaye. Leɓɓansa na motsi,
ban sani ba ko ƙirga yake ko addu'a.
Ya ce, "Sikelinka ya karkace."
Na ce, "Nauyi ne."
Ya ce, "Wancan fa, me za a zuba?"
Na ce, "Ku ke neman ƙuri'a."

Bai yi dariya ba, bai yi faɗa ba.
Ya ƙirgo kuɗin aikina cif, ya ɗaure ragowar fenti a bayan babur.
Sau uku ya buga kafin ya tashi.

Katin yana aljihuna har yanzu,
koren fenti ya taɓa shi a kusurwa.
Kwamiti zai zauna ranar Laraba.