Ashirin da Bakwai

A Asahikawa ƙanƙara ta toshe ƙofar zauren horo,
na ture ta da ƙafa na shiga.
Tabarmar tatami da sanyi kamar cikin kifi.

Malam Nagumo na da littafi mai baƙin bango,
a ciki ya jera shekarun duk wadda ta taɓa ɗaga zinare:
wannan ashirin da huɗu, waccan ashirin da shida.
Ɗaya tal ta kai talatin da biyu,
ya ja mata layi a ƙasa kamar an yi kuskure.

Ni Shiori, jiya na cika ashirin da bakwai.

Ina 'yar sha tara ƙarfi ne kawai,
in cafki kwala in fizga kamar mai tumɓuke kututture,
na sha ƙasa sau dubu ban san dalili ba.
Yau tun abokiyar karawa ba ta ɗaga diddige ba
na ji nufinta a hannun rigarta,
yadda masunci ke jin kifi a jikin zare.
Sai dai gwiwar hagu ta fara yi mini gardama,
da asuba sai na lallashe ta kafin ta sauko matakala.
Yatsu goma duk a naɗe da filasta,
zoben mahaifiyata ya ƙi shiga ko ɗaya.

Hankali na hawa, jiki na gangarowa,
suka haɗu a tsakiyar tsani suka gaisa a tsaye,
ba wanda ya ce da wani zauna mu sha shayi.
Wannan gaisuwar ce ganiya.
Shekara biyu. In an taki sa'a, uku.

Fumika ta rusuna a gabana, shekararta sha takwas,
kumatu jajur, ɗamara ko laushi ba ta yi ba.
Na bari ta turo, na ba ta hanya,
bayanta ya daki tabarma, tagogi suka amsa.
Ta miƙe tana dariya: mu sake!
Na sake kayar da ita. Ta sake miƙewa.
A karo na tara ni ce ke neman numfashi,
ita ko gumi bai gama tsattsafo mata ba.

Malam ya buɗe littafin, ya lashi bakin fensir,
ya dube ni, ya dube ta.
Ban leƙa ba.
Na ƙara ɗaure ɗamarata, wadda baƙinta ya koɗe ya koma toka,
na miƙa wa yarinyar hannun rigata:
zo, kama nan, ba can ba.