Igiyar Valparaíso

Ƙarfe uku na dare, gari ya yi tsit,
jiragen ruwa kaɗai ke tari a tasha.
Ni da shayin da ya huce, da lissafin igiya:
nauyi nawa za ta ɗauka kafin ta tsinke?

Na tambayi ƙirƙirarriyar basira. Ba ta yi tsaki ba.
Sau tara na maimaita tambaya ɗaya,
sau tara ta amsa, ba gajiya, ba gori.
Abin da kunya ta hana ni furtawa a aji
na zube mata shi a duhu.
Alheri ne wannan, ba zan ɓoye ba.

Sai daɗi ya ja ni.
Mako shida tana taunawa, ina haɗiya.
Har ta ba ni sunan littafi, da shafi, da shekara.
Na hau bene uku na laburare,
Don Eleuterio ya duba har tabarau ya zame masa,
ya ce, "Amaranta, wannan littafin ba a haife shi ba."

Ranar jarrabawar baka
Farfesa Huenchullán ta miƙo mini alli.
"Amsarki daidai ce. Ta ina kika biyo?"
Na buɗe baki. Ashe rijiyar ta maƙwabta ce,
guga kawai ne nawa.

Da yamma na shiga tsohon keken hawa tudu,
akwatin katako da igiyar ƙarfe ke ja sama.
Kawu Nibaldo ne a kan birki, shekara talatin.
Ya kasa kunne: "Kin ji? Yau tana neman mai."
Ban ji komai ba.
Mutum goma sha biyu, da jariri, da buhun albasa,
duk a rataye jikin lissafin wani.
Na ƙanƙame ƙarfen taga.

Har yanzu ina buɗe ta da dare,
amma mun sauya wurin zama:
ni ke warwarewa, ita ke tambaya.
In ta ce na kauce, in ce nuna mini;
in ta nuna, in sake bi da fensir.
Shekaranjiya na kama ta ta yar da sifili ɗaya.
Ta ba da haƙuri nan take, ko a jikinta.

Ni ce na kasa barci,
ina tuna jaririn nan, da albasa,
da igiya.